Jaridar Bakin Iyaka: Abin da Na Gani a Makhanda

Daga Gqeberha, birnin da mutane da yawa suka fi sani da Port Elizabeth, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce a mota bisa babbar hanyar N2 kafin a iso Makhanda, a lardin Gabashin Cape na Afirka ta Kudu. Hanya ce mai hawa da gangara. Dama da hagu shingayen waya ne na gandun namun daji, sai ƙaya da tsirrai masu kaurin ganye da jan fure. Garin yana kwance a cikin kwari, tuddai sun yi masa zobe, ba ka ganinsa sai ka iso kansa. A takardar hukuma sunansa Makhanda tun 2018. Kafin nan Grahamstown ne, kuma har yau akwai masu kiransa haka. Direbobin tasi da mata masu sayar da kayan marmari a bakin titi kuwa Rhini suke cewa, sunan da Xhosa suka daɗe da saninsa da shi.

Baƙo yakan fara da hawa tudun da ke yamma da gari, inda aka gina katafaren zauren tunawa da Turawan da suka zo a 1820. A 1974 aka buɗe shi, kuma nan ne cibiyar babban bikin fasaha na ƙasa da ake yi duk shekara a lokacin sanyinsu. Daga can ana hango garin gaba ɗaya. Kusa da kai Jami'ar Rhodes ce, da makarantun kwana masu koren filaye, da hasumiyar babbar majami'a a tsakiyar titin kasuwa. Can gabas, bayan rafi, unguwannin baƙaƙen fata ne, su Fingo Village da Joza, gidaje ƙanana sun hau gangaren tudu sun cika shi. Rabuwar a fili take, ba sai an nuna maka ba. Abin da ya kawo ni shi ne tarihin jaridar da ta fara fitowa a garin nan, kuma na tarar cewa labarinta da labarin wannan rabuwa a ɗaure suke.

Asalin garin sansanin soja ne. A yaƙin 1811 zuwa 1812, Kanar John Graham ya kori Xhosa kimanin 20,000 daga ƙasar kiwon da ake kira Zuurveld, ya tsallakar da su Kogin Fish, ya ƙone gonakinsu don kada su dawo. Xhosa su ne mutanen su Nelson Mandela, makiyaya ne kuma manoma, dukiyarsu da sadakinsu da darajarsu duk a kan shanu suke. A inda Graham ya kafa hedikwatarsa gari ya tashi, aka sa masa sunansa. Ranar 22 ga Afrilu 1819 wani jagora mai wa'azi, Makhanda, wanda ake kuma kira Nxele, ya zo da mayaƙa dubbai da tsakar rana don ƙwato wurin. Sojojin da ke ciki 'yan ɗaruruwa ne, amma suna da igwa da bindiga, su kuwa masu ne a hannunsu. An kashe Xhosa masu ɗimbin yawa, shi ya sa har yau ake kiran filin Egazini, wato wurin jini. Makhanda ya miƙa kansa, aka kai shi kurkukun tsibirin Robben, ya nitse a teku a 1820 yana ƙoƙarin tserewa.

A wannan shekarar gwamnatin Birtaniya ta kwaso talakawanta kimanin 4,000, ta sauke su a gaɓar Algoa, ta raba musu gonaki a ƙasar da aka kori Xhosa. Manufar ita ce su zama katanga tsakanin mulkin mallaka da mutanen da aka kora, ko da yake ba a faɗa musu haka ba a Landan. Alkama ta ƙi, ciwo ya cinye ta shekara bayan shekara. Da yawansu dama ba manoma ba ne, sai suka watsar da gonakin suka taru a gari suka koma sana'o'insu da fataucin hauren giwa da fatu.

Cikin waɗannan baƙi akwai wasu ma'aikatan ɗab'i biyu daga Landan, Robert Godlonton da Thomas Stringfellow, waɗanda suka shigo jirgin ruwa mai suna Chapman da injin ɗab'i na katako, irin wanda ake matsawa da hannu. Jirgin na tsayawa a Cape Town hukuma ta ƙwace injin. A lokacin ba a yarda kowa ya buga komai ba sai gwamnati, kuma masu mulki suna ganin injin ɗab'i a hannun talakawa masu gunaguni a bakin iyaka haɗari ne. Aka aika da shi garin Graaff-Reinet yana buga takardun ofis. Godlonton ya gwada noma bai yi nasara ba, ya koma ƙaramin ma'aikacin hukuma a Grahamstown.

Fafutukar da ta buɗe hanya a Cape Town aka yi ta. A 1824 George Greig da Thomas Pringle da John Fairbairn suka fara jaridar South African Commercial Advertiser. Gwamna Lord Charles Somerset ya rufe ta cikin 'yan watanni, ta dawo, aka sake rufe ta, har Fairbairn ya tafi Landan ya kai kuka. A 1829 aka yi dokar da ta cire jarida daga hannun gwamna ta mayar da ita ƙarƙashin kotu. Bayan haka ne wani saurayi mai kimanin shekara 20, Louis Henry Meurant, ya sayi wancan tsohon injin da aka ƙwace, ya kawo shi Grahamstown. Ranar 30 ga Disamba 1831 Graham's Town Journal ta fito a karo na farko. A lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado a Sakkwato, kuma da sauran shekara 28 kafin Iwe Irohin ta fito a Abeokuta. Taken da jaridar ta ɗaukar wa kanta yana alkawarin cewa ƙofarta a buɗe take ga kowane ɓangare, kuma babu ɓangaren da zai juya ta. Godlonton ya shigo cikinta, ya zama edita da abokin tarayya a 1834, ya mallake ta shi kaɗai a 1839. Injin da aka raba shi da shi ya dawo hannunsa.

A Laburaren Cory na Jami'ar Rhodes na zauna da tsofaffin fitowar jaridar. Duk ɗan jarida zai ji wani abu a ransa idan ya ga aikin. Shafi huɗu ne a mako, rubutu ƙanana a cushe, kowane harafi da hannu aka jera shi. Akwai sanarwar gwanjo, da farashin kasuwa, da sunayen jiragen da suka iso gaɓar Algoa da kayan da suka kawo, da labaran Ingila da suka kwana watanni a teku, da haihuwa da aure da mutuwa, da dogayen wasiƙun masu karatu waɗanda suka ɓoye sunayensu. Ga mutumin da ke zaune a gona mai nisa, wanda sai ya yi yini a keken shanu kafin ya ga maƙwabci, wannan takarda ita ce shaidar cewa yana cikin wata al'umma. Mutane ne da suka fito daga sassa daban-daban na Ingila da Sikotlan da Wales da Ayalan, ba su san juna ba, jaridar ce ta koya musu cewa su abu ɗaya ne. Wannan aiki ne na gaske, kuma Godlonton ya iya shi.

Amma akwai abin da ke maimaituwa har ya gundure ni, sannan ya fara tayar mini da hankali. Mako bayan mako ana kawo rahoton satar dabbobi: an kore wa wane shanu kaza, an ɗauke wa wane dawaki kaza, an bi sawu ya nufi ƙasar Xhosa. Ana ba da sunan mai gona, da sunan gonarsa, da adadin abin da ya rasa. Satar kam ana yinta, ba ƙirƙira ba ce, kuma an kashe manoma da makiyayansu a cikinta. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun 1817 akwai ƙa'idar bin sawu, wadda ta ba wanda aka yi wa sata damar ya zo da sojoji ya bi sawu zuwa rugar da ya fara tararwa, ya kwashi diyya daga garkenta, ko mutanenta ne suka yi satar ko ba su ba. Kowa ya san yadda irin wannan dama take ƙarewa. Saniyar da ta ɓata a daji ko kura ta cinye sai a ce sata ce, a je a kwaso na marasa laifi, wani lokaci a ƙone bukkoki. Waɗannan shanun ba su da gurbi a jaridar. Ƙasar da aka karɓe ma haka. A 1829 an kori sarki Maqoma da jama'arsa daga kwarin Kogin Kat, ƙasa mai ruwa da ciyawa, kuma babu wanda ya zauna ya lissafa abin da suka rasa gida-gida yadda ake lissafa na Turawa. Mai karatu da ya shekara yana ganin lissafin ɓangare ɗaya zai tashi da yaƙinin cewa mutanensa ne kaɗai ake zalunta, ba tare da an yi masa ƙarya ko sau ɗaya ba.

Ina karantawa ina tuna rahotannin da muke yi a gida kan rikicin manoma da makiyaya da satar shanu, inda sau da yawa wanda ya fi kusa da wakilinmu, ko wanda yake da lambar wayarsa, shi ne ake jin asararsa da sunansa, ɗaya ɓangaren kuwa a kira shi da sunan ƙabila kawai. Yanayin ba ɗaya ba ne, mu babu mai mulkin mallaka a tsakaninmu. Amma hanyar da ɗan jarida yake bi ya kauce wa adalci alhali yana ganin gaskiya yake faɗa, ita ce dai.

A Disamba 1834 abin ya fashe. Bayan sojojin sintiri sun harbi wani ɗan sarauta, Xhoxho, suka raunata shi, Maqoma da ɗan'uwansa Tyhali suka tsallako iyaka da dubban mayaƙa. An ƙone gidajen gona ɗaruruwa, an kore shanu fiye da 100,000 bisa lissafin Turawa, mata da yara suka fake a cocin da ke tsakiyar gari. Kanar Harry Smith ya sukwano doki daga Cape Town, tafiyar kimanin mil 600, cikin kwana 6. Tsoron da mutanen garin suka ji gaskiya ne, kuma ban ga laifin jaridar da ta ba da labarinsa ba. Laifinta yana cikin bayanin da ta yi wa yaƙin: wai hari ne haka siddan daga mutanen da sata da yaudara halinsu ne tun asali. Godlonton ya tattara rubuce-rubucensa ya fitar da littafi a kan yaƙin, wanda a cikin sunansa ma akwai kalmar cin mutuncin baƙar fata da a yau kotu take hukunta mutum a kanta a Afirka ta Kudu. Wannan littafi ya daɗe yana zama madogarar masu rubuta tarihin yankin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kisan Hintsa, babban sarkin Xhosa. Yana zaune ne can ƙetaren Kogin Kei, nesa da inda aka fara faɗan. Ya shigo sansanin Gwamna Benjamin D'Urban don sulhu bisa alkawarin ba za a taɓa shi ba, sai aka riƙe shi, aka ɗora masa tarar shanu 50,000 da dawaki 1,000. Ranar 12 ga Mayu 1835, yana tafe da rundunar Smith wai za a je tattaro shanun, ya zaburi dokinsa don ya tsere. Aka kayar da shi, aka harbe shi, ya faɗa cikin rafi da rauni, George Southey, ɗan ɗaya daga cikin Turawan 1820, ya harbe shi a ka. Aka yanke kunnuwan gawar aka tafi da su. Jaridar Fairbairn a Cape Town da wasu 'yan mishan suka tayar da maganar har ta kai Landan. Journal ta tsaya bayan waɗanda suka yi kisan. Ta juya kan Fairbairn da surukinsa, ɗan mishan John Philip, tana zarginsu da cewa su ne suka zuga Xhosa. Fairbairn ɗin nan shi ne wanda ya sha wahalar da ta sa Journal ta sami izinin fitowa.

Gwamnatin Landan ba ta karɓi bayanin Grahamstown ba. Sakataren mulkin mallaka, Lord Glenelg, ya rubuto a ƙarshen 1835 cewa Xhosa suna da cikakkiyar hujjar yin yaƙi, ya sa aka mayar da ƙasar da D'Urban ya haɗe tsakanin kogunan Keiskamma da Kei. Aka naɗa Andries Stockenström mataimakin gwamna na gabas, mutumin da ya taso a yankin, wanda Xhosa suka kashe mahaifinsa a 1811, amma duk da haka ya je gaban kwamitin majalisar Ingila ya faɗi ɓarnar da sintirin bin sawu yake yi. Ya so a zauna da sarakunan Xhosa bisa yarjejeniya. Journal ta sa shi gaba ba sassauci, har aka sauke shi a 1839.

A cikin wannan jarida ce, ranar 2 ga Fabrairu 1837, Piet Retief ya buga takardar da ta bayyana dalilan da suka sa Turawan Boer, jikokin mutanen Holan, za su bar mulkin Ingila su nausa arewa da keken shanunsu. Cikin ƙorafinsa akwai asarar da suka yi da aka 'yanta bayi a 1834. Wannan hijira ce ta haifi jamhuriyoyin Boer, kuma daga baya masu mulkin wariyar launin fata suka mayar da ita ginshiƙin tarihinsu.

Me ya sa jaridar ta dage haka? Tsoro yana ciki, raini ma yana ciki. Amma masu binciken tarihi sun daɗe da nuna cewa akwai kuɗi. Duk lokacin da aka yi yaƙi sai sojoji su cika gari, baitulmalin Ingila ya buɗe, 'yan kasuwar Grahamstown su sami kwangilar abinci da dawaki da kekunan shanu. Ga kuma ulun tumakin merino da ya fara kawo riba mai yawa, kiwonsu kuwa yana son fili mai faɗi, filin kuma yana hannun Xhosa. Waɗannan 'yan kasuwa su ne masu ba da talla, su ne abokan editan, shi kansa ya zama mai dukiya da filaye da kujera a majalisar dokoki. Aka sake gwabzawa a 1846, aka sake a 1850 zuwa 1853, kowane karo iyaka tana matsawa gabas. Godlonton ya rasu a 1884, bayan ya ga ƙarshen yaƙe-yaƙe tara da aka yi cikin shekara ɗari, ya ga ƙasar Xhosa ta fita daga hannunsu. Mutum ne mai ibada a cocin Methodist, mai yawan wa'azi a rubutunsa, kuma ban ga alamar ya taɓa shakkar cewa yana kan daidai ba.

Su Xhosa ba su yi shiru ba, sai dai sun daɗe ba su da injin kansu. A garin nan ne 'yan mishan na Wesley suka fara buga Umshumayeli Wendaba da harshen Xhosa a 1837, amma takardar wa'azi ce a hannun Turawa. Sai a Nuwamba 1884, a King William's Town da ke gaba kan hanyar N2, John Tengo Jabavu ya fitar da Imvo Zabantsundu, jaridar farko a ƙasar da baƙar fata yake da ita kuma yake shiryawa. Tsakaninta da fitowar Journal shekara 53 ne, kuma a cikin shekarun nan aka gama rabon ƙasar.

Ana cikin haka tauraron garin ya fara dusashewa. Lu'ulu'u ya bayyana a Kimberley, zinariya a Johannesburg, babban layin dogo ya bi ta wani wuri ya bar Grahamstown da reshe. Wata jaridar garin, Eastern Star, wadda aka kafa a 1871, ta naɗe kayanta a 1887 ta bi masu haƙar zinariya, ita ce The Star ta Johannesburg a yau. Akwai ɗan gidan tarihi a wani lungu a tsakiyar gari mai ɗauke da sunanta, inda aka ajiye tsohon injin ɗab'i da akwatunan haruffa. Ita kuwa Journal, abokiyar hamayya ta taso mata a 1870, lokacin da Thomas Henry Grocott ya fara wata takarda da ake rabawa kyauta, wadda ta zama Grocott's Mail. A 1920 Grocott's ta haɗiye Journal. Garin ya koma na makarantu da majami'u da kotuna.

Grocott's Mail tana nan da rai. Jami'ar Rhodes ta saye ta a 2003, ta mayar da ita wurin da ɗaliban aikin jarida suke koyon sana'a a aikace, kuma yanzu galibi ta intanet ake karanta ta. Ita ma ta yi shekaru masu yawa tana jaridar Turawan gari, gabashin rafi ba ya shiga shafinta sai ta hanyar labarin kotu. Yau masu ɗaukar rahotonta da yawa jikokin mutanen da Godlonton ya rubuta a kansu ne, kuma abin da suke bi shi ne abin da ya dami gari. Jakuna da shanu suna yawo a kan tituna masu ramuka. Ruwa ya zama babbar magana: a 2019, lokacin fari, sai da ƙungiyar agaji ta Gift of the Givers ta kawo ruwa a manyan motoci ta haƙa rijiyoyin burtsatse. A Janairu 2020 babbar kotu da ke garin ta ba da umarnin a rushe majalisar ƙaramar hukumar Makana saboda ta kasa sauke haƙƙin jama'a, bisa ƙarar da wata ƙungiyar marasa aikin yi ta unguwannin gabas ta shigar. Hukuma ta ɗaukaka ƙara, majalisar ba ta rushe ba, amma hukuncin ya girgiza ƙasar.

Na duba fitowar Grocott's ta kwanakin da nake garin. Labarin bututun da ya fashe ne, da jadawalin unguwar da za ta sami ruwa, da wasan makarantu, da taron majalisa, wani rahoton da Turanci wani da Xhosa, kuma mutumin Joza yana fitowa da sunansa da maganarsa. Ba ta da ƙarfin da Journal ta yi, babu gwamnan da zai rasa kujerarsa saboda ita, kuma hannun ɗalibai yana nunawa a wasu rubuce-rubucen. Duk da haka, a ganina, wannan ƙaramar jarida ta fi cika alkawarin da aka buga a goshin Journal a 1831 fiye da yadda Godlonton ya taɓa cika shi a tsawon shekarun da ya yi yana riƙe da ita.